Ba wa kowa damar buɗe filash a Linux da BSD

A Linux da FreeBSD da sauran dangin Unix, soka filash ko sidi ba ya nufin ya buɗe, sai an ɗora shi a kan wata folda tukuna, wato abin da ake ce ma mount, kuma tun asali root, wato babban akawun mai iko da komai a kwamfutar, shi kaɗai yake da wannan ikon. Dalilin tsaro ne. Mutum zai iya zuwa da filash ɗauke da fayil mallakar root mai alamar setuid, alamar da ke sa fayil ya yi aiki da ikon mai shi, yana kunna shi shikenan kwamfutar ta zama tashi. Sai dai a bizines senta ta Terminus a Jos ko shagunan Banex a Abuja inda kowa ke shigowa da nashi filash zai yi firintin, ai ba zai yiwu mai shago ya riƙa ba yaransa fasuwod ɗin root ba.

Tsohuwar hanya ita ce a rubuta layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abubuwan da ake ɗorawa, a sa user (mutum zai iya ɗorawa ba sai root ba) da noauto (kar a ɗora lokacin kunna kwamfuta). Kalmar user tana jawo matakan tsaro na nosuid da nodev da noexec da kanta, kuma wanda ya ɗora shi kaɗai zai iya saukewa, in kuma users aka rubuta kowa ma zai iya. Matsalarta sunan na'urar yana canjawa, yau /dev/sdb1 gobe /dev/sdc1, gaskiya abin yana da ban haushi.

Yanzu a Linux yawanci wata manhaja mai suna udisks2 ce ke wannan aikin, wata kuma mai suna polkit ita ke yanke wanda za a bari, wanda ke zaune gaban kwamfutar ana barinshi ba tambaya amma wanda ya shigo daga nesa ta SSH sai an nemi fasuwod ɗin admin. Umarnin shi ne udisksctl mount -b /dev/sdb1, filash ɗin zai fito a /media ko /run/media ƙarƙashin sunanka, ya danganta da irin Linux ɗin. A FreeBSD ana sa vfs.usermount=1, foldar da za a ɗora a kai ta zama taka, a ba ka izinin na'urar ta devfs.rules.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne izini. FAT da exFAT, wato irin fomat ɗin filash, ba sa ajiye mai fayil, shi ya sa ake ba su uid da gid, wato lambar mai shi da ta rukuninsa, lokacin ɗorawa. Filash mai ext4 kuwa yana tuna mai shi, in root ne ya yi masa fomat zai buɗe lafiya lau amma ba za ka iya ajiye komai ba sai an yi chown, wato an canja mai shi.