Ɗan zanzaron da ke cin ƙwan maƙiyin gona: yadda za a gane shi

Manoman lambu na Gyinyase da masu shinkafa a fadamun kewayen Kumasi, akwai ma'aikaci a gonarku da ba ku taɓa biyan sa ko sidi ɗaya ba. Ɗan ƙaramin zanzaro ne daga dangin da masana ke kira Mymaridae. Yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba, kuma a cikin dangin nan ake da ƙwaro mafi ƙanƙanta da aka sani, wanda namijinsa bai wuce milimita 0.14 ba. Ba ya harbin mutum. Macen na neman ƙwan wani ƙwaro ne ta saka nata a ciki, ɗanta ya cinye na ciki ya fito.

Jinsin da ya fi shafar mu shi ne Anagrus, wanda masanin ƙwari Haliday ya raɗa wa suna a 1833. Abincinsa ƙwan ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke tsotse ruwan ganye, waɗanda ke cusa ƙwansu cikin naman ganye ko kara. Ƙwan da Anagrus ya shiga yakan rikiɗe ya yi ja-ja. Duk wanda ya tsaga ganye ya ga haka, to, an fara yi masa aiki.

Kamun zanzaron ba wuya. A samu kwanon roba mai ruwan ɗorawa, a zuba ruwa zuwa rabi, a ɗiga sabulun ruwa sau biyu. Sabulun ne ke sa ƙwaron ya nutse, in babu shi sai ya taka saman ruwan ya tashi. A ajiye tsakanin shuka, a kwashe bayan kwana ɗaya ko biyu, domin in ya daɗe ruɓewa yake yi, ruwan sama kuma kan cika kwanon ya zubar da komai. A tace da farin ƙyalle mai laushi. Rariyar koko ba ta riƙe shi. Sai a wanko cikin ƙaramar kwalba mai sifirit kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Kada a bari ya bushe, jikin kan motse, a rasa abin dubawa. Sunan gona da kwanan wata a rubuta da fensir, don tawada narkewa take yi a sifirit.

Sauran aikin na madubin ƙara girma ne. Fuka-fukin sirara ne, da dogayen gashi a gefe kamar geza, na baya kuma a kan ɗan siririn tsinke suke. Ƙahon mace yana ƙarewa da dunƙule kamar kulki, na namiji zare ne kawai, shi ya sa da mace aka fi yin tantancewa. A ƙirga gaɓoɓin ƙarshen ƙafa: huɗu a Anagrus da 'yan'uwansa Anaphes da Polynema, biyar a wani jinsin dangin, Gonatocerus. Gaɓoɓin tsakiyar ƙahon mace shida ne a Anagrus, takwas a Gonatocerus. Daga nan zuwa raba nau'i da nau'i sai an shimfiɗa ƙwaron a kan gilashi, wannan kuwa aikin ƙwararru ne irin na jami'ar KNUST ta Kumasi ko Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua. Malamin gona ya san hanyar kai kwalbar.

Inda ake yi wa zanzaron ɓarna shi ne feshin mako-mako da maganin da ke kashe komai. Ƙwan maƙiyi na ɓoye cikin ganye, shi kuwa zanzaron yana yawo a fili, don haka shi ke fara mutuwa. A duba gona kafin a haɗa magani, a kuma bar ɗan ciyayi masu fure a bakin kunya, domin manyan zanzaron na lasar zaƙin fure.