Waiwaye: Tseren Le Mans na awa 24, daga 1923 zuwa yau

Idan aka ce tseren mota yawancinmu Formula 1 ke faɗo mana a rai, wanda cikin awa ɗaya da rabi ko biyu an gama kowa ya kama gabansa. To akwai wani a Faransa da ya girme shi nesa ba kusa ba, shi ne na garin Le Mans (Faransawa ba sa furta s ɗin ƙarshe), ana yin sa a watan Yuni, a tada motoci ƙarfe 4 na yammacin Asabar, ba a sauke tuta sai ƙarfe 4 na yammacin Lahadi. Awa 24 cur, da rana da dare, ko ruwa ake ko hazo. Direbobi uku ne ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, kuma motar da ta fi cin nisa kafin lokaci ya cika ita ce ta ci, ko da akwai wadda ta fi ta gudu.

Asalin abun ma ba don burgewa aka ƙirƙiro shi ba. A farkon shekarun 1920 mota ba abar yarda ba ce, ka fita da ita da safe ba ka da tabbas za ta dawo da kai, fitilu kuwa ba a magana, tafiyar dare kasada ce. Sai ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa, Automobile Club de l'Ouest wadda ake taƙaitawa ACO, da sakatarenta Georges Durand da wani ɗan jarida Charles Faroux da Emile Coquille mai harkar ƙafafun mota, suka ce to a zo a gwada motocin da ake sayar wa mutane a ga wacce za ta kwana tana gudu ba ta mutu ba. Shi ya sa dokokin farko suka zama kamar na motar gida, a ɗora mata nauyi a madadin fasinja, in ta lalace direba ne zai fito ya gyara da kayan aikin da ke cikinta. Ranar 26 ga Mayu 1923 motoci 33 suka tashi cikin ruwan sama, 30 suka ƙarasa, André Lagache da René Léonard suka zo kan gaba da wata Chenard & Walcker bayan sun ci kilomita 2,209. Kamfanin ma yanzu babu shi.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, babban ɓangaren hanyar ba filin tsere ba ne, titin gwamnati ne da manyan motoci da 'yan kasuwa ke bi kullum, sai lokacin tsere a rufe. Zagaye ɗaya a da ya haura kilomita 17, yanzu 13.6 ne.

Shekarun farko na Bentley ne, 'ya'yan masu kuɗin Ingila suka riƙa zuwa suna kwashe kofin, 1924 sannan 1927 har 1930, daga nan Alfa Romeo ta Italiya ta karɓa sau huɗu a jere. A 1936 ba a yi ba saboda yajin aikin da ya tsayar da Faransa cak, sai kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya cinye 1940 zuwa 1948. Da aka dawo a 1949 wani sabon kamfani mai suna Ferrari ya ci, direbansa Luigi Chinetti shi kaɗai ya riƙe sitiyari sama da awa 22.

A nan ne labarin Pierre Levegh ya shigo, kuma ni a ganina duk wanda zai fahimci Le Mans sai ya bi ta kan mutumin nan. A 1952 ya shiga da motar Talbot, ya ƙi sauka ya ba abokin tuƙinsa, ya tuƙa shi kaɗai kusan awa 23 kuma yana kan gaba da tazara mai yawa, Faransawa har sun fara murna, saura kamar awa ɗaya a tashi injin ya buga. Mercedes ta zo ta wuce ta ɗauki kofi. Bayan wannan aka sa dokar iyakance awannin da mutum ɗaya zai yi yana tuƙi, yanzu direba ba ya wuce awa 14 gaba ɗaya, kuma ba ya wuce awa 4 a cikin kowace awa 6. Amma su Mercedes ba su manta da shi ba, wannan juriyar ta burge su, a 1955 suka ba shi ɗaya daga cikin motocinsu 300 SLR yana da shekara 49.

Ranar 11 ga Yuni 1955, da misalin ƙarfe 6 da rabi na yamma, awa biyu da rabi da fara tsere, Mike Hawthorn na Jaguar da Juan Manuel Fangio na Mercedes suna ta fafatawa kamar tseren awa ɗaya ake yi. Hawthorn ya wuce wata Austin-Healey da Lance Macklin ke ja sai ya taka birki zai shiga wurin shan mai, ita Jaguar ɗin birkinta sabon samfuri ne mai kamawa sosai, Macklin ya kauce hagu don kar ya daki bayansa, ashe Levegh na tafe a guje ta wannan hannun. Motar Levegh ta hau bayan ta Macklin kamar an sa mata tudu, ta tashi sama ta daki shingen ƙasa ta tarwatse, inji da ƙarafunan gaba da murfin bonet suka ratsa cikin 'yan kallo da ke cunkushe a gaban rumfa. Bodin motar da ƙarfen maganiziyam aka yi shi don rashin nauyi, da ya kama wuta aka watsa ruwa sai wutar ta ƙara tashi. Levegh ya mutu nan take, 'yan kallo sama da 80 suka rasu, waɗanda suka ji rauni sun haura ɗari. Har yau ba a taɓa yin haɗari mai muni kamarsa ba a tarihin tseren mota.

Kuma ba a tsayar da tseren ba fa. Hujjar masu shiryawa ita ce in aka tsayar, dubban mutane za su fito lokaci ɗaya su toshe hanyar motocin asibiti. Wasu sun yarda da hujjar wasu har gobe suna ganin son kai ne, ni dai abun da ya fi tsaya min a rai shi ne a ɗaya gefen filin akwai mutanen da suka ci gaba da kallo ba su ma san me ya faru ba. Cikin dare umarni ya zo daga hedikwatar Mercedes da ke Stuttgart a Jamus, Mercedes ta janye sauran motocinta alhali Fangio da Stirling Moss ne a gaba, Hawthorn da Ivor Bueb suka ci. A ƙarshen shekarar Mercedes ta bar tsere, sai a shekarun 1980 ta dawo. Suwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta, haramcin da ya yi sama da shekara 60. A Le Mans kuma aka rushe rumfunan da wurin shan mai aka sake gini, aka faɗaɗa hanya aka nesanta mutane.

Daga 1960 zuwa 1965 Ferrari ce kawai, sau shida a jere. A 1963 Henry Ford II, shugaban kamfanin Ford na Amurka, ya nemi sayen Ferrari, an yi nisa da ciniki sai mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya ga ashe ikon sashen tsere zai fita daga hannunsa, ya ce a kai kasuwa. Ford ya ji haushi ya buɗe bakin aljihu aka ƙera motar tsere GT40 don kawai a kunyata tsohon a Le Mans. Kuɗi bai yi aiki da wuri ba, 1964 da 1965 ko ɗaya daga cikin GT40 ɗin ba ta ƙarasa ba, giya ta lalace, inji ya yi zafi, su Ferrari na dariya. Sai 1966 Ford ta zo ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Amma ko nan sai da aka bar baya da ƙura, manyan kamfanin suka ce motocin su iso layi tare saboda hoto, Ken Miles da ke gaba ya sassauta ya jira, aka ƙare da ba Bruce McLaren da Chris Amon kofin, wai motarsu daga can baya ta tashi don haka ta fi cin nisa da 'yan mitoci. Miles, wanda shi ya sha wahalar gyara motar nan, ya rasu bayan wata biyu yana gwajin wata sabuwar Ford a Amurka. Ford ta ci gaba da ci har 1969.

Shekarar 1969 ɗin ita ta kashe wata tsohuwar al'ada. A da motoci ake jerawa a gefe ɗaya, direbobi su tsaya a ɗaya gefen titi, da an kaɗa tuta su sheƙo a guje kowa ya faɗa motarsa ya tayar. Abun sha'awa ne a ido, amma saboda sauri da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel, sai sun hau miƙaƙƙiyar hanya suna gudun tsiya sannan su riƙa laluben sa da hannu ɗaya. Jacky Ickx ɗan Beljiyam ya ce shi ba zai yi ba, kowa na gudu shi ya tako a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ya zauna ya ɗaure kansa tsaf, ya tashi a na ƙarshe. A zagayen farko John Woolfe ɗan Ingila ya yi haɗari da Porsche 917 ya mutu. Washegari Ickx ya ci tseren, tazarar da ke tsakaninsa da Porsche ɗin Hans Herrmann kamar mita 120 ce bayan awa 24. Daga 1970 ba a sake wannan gudun ba.

Porsche ta fara ci a 1970, yanzu tana da 19, babu mai yawanta, Audi na biye da 13. A ɓangaren direbobi Tom Kristensen ɗan Danmak ne mai 9, Ickx na da 6.

Sai batun miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, kusan kilomita 6 babu kwana, direba ya danne totur ya bar wa Allah sauran. A 1988 Roger Dorchy ya kai kilomita 405 a awa a cikin wata mota mai injin Peugeot, eh Fijo ɗin dai da muka sani wadda aka yi ta haɗa 504 ɗinta a Kaduna, ita ma ta ci Le Mans sau uku, 1992 da 1993 da 2009. Motar Dorchy ba ta ƙarasa tseren ba, dama don wannan gudun kawai aka ƙera ta. A 1990 aka sa kwanoni biyu a tsakiyar hanyar aka raba ta uku. Duk da haka a 1999 motocin Mercedes CLR suka riƙa tashi sama suna juyawa kamar takarda a iska, sau biyu da Mark Webber kafin tsere, sau ɗaya da Peter Dumbreck ana tsakiyar tsere, ya faɗa can cikin itatuwa, ikon Allah dukkansu suka tsira. Mercedes ta sake tattara kayanta.

Shi kuwa dalilin farko, na gwada abun da zai amfani motar gida, bai ɓace ba. Birkin faifai da ke ƙafar motarka Jaguar ta nuna amfaninsa a nan a 1953. Mazda ta ci a 1991 da injin da babu fistin mai hawa da sauka, ita ce ta farko daga Japan. Audi ta ci da dizal a 2006, ta ci da mai haɗa inji da lantarki a 2012, kuma ita ke riƙe da tarihin nisa, kilomita 5,410 a 2010, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau biyar a yini da kwana ɗaya. Mutuwa ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba, a 2013 Allan Simonsen ya rasu mintuna kaɗan da fara tsere.

Toyota kuwa ta sha baƙin ciki a wurin nan, ta yi ta zuwa ta biyu, mafi zafi 2016, Kazuki Nakajima na gaba saura mintuna a tashi wani ɗan mahaɗin bututun iska ya sake, mota ta rasa ƙarfi ta zo ta tsaya daidai gaban rumfa saura zagaye ɗaya, Porsche ta wuce. Ya lallaɓa ya ƙarasa zagayen amma ya daɗe fiye da ƙa'ida, ko a jerin waɗanda suka gama ba a sa su ba. Sai 2018 suka samu, da Fernando Alonso a cikin tawagar, suka riƙe har 2022, duk da masu tsegumi na cewa ai lokacin Audi da Porsche sun janye daga babban rukuni, ba kowa a fagen.

Tsadar motocin ce ta kori kamfanoni, shi ya sa a 2021 aka kawo sabon rukuni mai suna Hypercar mai sauƙin kashe kuɗi, aka kuma riƙa daidaita ƙarfi da nauyin motoci don kar wata ta yi wa sauran fintinkau, tsarin da har yanzu ake ta cece-kuce a kai duk shekara. Amma ya dawo da su, Ferrari, Porsche, Peugeot, Cadillac, BMW da sauransu. A 2023 da tseren ya cika shekara 100, gaban mutum 325,000, Ferrari ta ci karon farko tun 1965, ta maimaita a 2024. A 2025 ma Ferrari ce, amma ba ja ba, wata mai ruwan ɗorawa ce da Robert Kubica da Yifei Ye da Phil Hanson suka ja. Kubica shi ne ɗan Polan ɗin nan da haɗarin 2011 ya kusa raba shi da hannun dama, kuma a 2021 shi da Ye suna kan gaba a rukuninsu motarsu ta mutu a zagayen ƙarshe. Wannan karon sun yi zagaye 387, Porsche ta biyo su da tazarar daƙiƙa 14.