Idan tashar nukiliya ta yi hatsari, wa doka ta ce a fara sanar wa?

A ranar 26 ga Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren ta fashe, amma Tarayyar Sobiyat ta yi gum. Sai bayan kwana biyu, da na'urorin tashar Forsmark ta Suwidin suka gano gubar nukiliya a iska, sannan Mosko ta amsa. Wannan shirun ne ya haifi yarjejeniyar sanarwa da wuri, wadda aka amince da ita a birnin Biyana na Ostiriya ranar 26 ga Satumban 1986, ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA.

Abin da ta ce a taƙaice: ƙasar da hatsari ya auku a cikinta, in gubar za ta iya tsallaka iyaka, dole ta sanar da ƙasashen da abin zai shafa nan take, kai tsaye ko ta hannun IAEA. Za ta faɗi lokaci da wuri, da irin abin da ya fita, da inda iska ta dosa, da matakan da ta ɗauka. Kowace ƙasar da ta shiga yarjejeniyar kuma tana da ofishin karɓar irin wannan kira dare da rana. Akwai yarjejeniya ta biyu kan neman agaji.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙasar da abin ya faru a cikinta ita ke auna ko hatsarin ya kai a faɗa. Wannan giɓi ne babba a ganina.

Me ya haɗa wannan da Gana? A Kwabenya da ke Akra akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike, kuma Gana na shirin gina tashar lantarki, an fi karkata ga Nsuban a Yankin Yamma, yankin da ya yi iyaka da Kodebuwa. Dokar 2015 ta kafa hukumar sa ido kan harkar, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, NADMO, kuma ke riƙe da agajin gaggawa.

Shirin gaggawar kansa abu ne na cikin gida: a shiga ɗaki a rufe taga, a sha ƙwayar ayodin idan hukuma ta umarta, a daina shan nonon yankin. Madarar da ta gurɓata ce ta jawo wa yaran Chernobyl da dama sankarar thyroid, wato ƙullun da ke gaban wuya. To, mai koko a unguwar Nima ta Akra da direban da ke jigila zuwa Elubo a iyakar Kodebuwa, a wane harshe sanarwar za ta iske su? Tun kafin a aza tubalin farko ya kamata a shigar da sarakunan zango da limamai da gidajen rediyo masu shirin Hausa cikin tsarin.