Neman juri a ƙarar diyya a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne juri, kuma me ya kawo su cikin ƙarar da ba ta laifi ba?

Mutanen gari ne da kotu ke kirawowa, malamar makaranta ko direba ko mai shago, su zauna su saurari shaidu, su faɗi wanda ke da gaskiya da nawa za a biya shi. A kotun tarayya ba sa gaza 6, ba sa wuce 12, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya, sai dai in masu shari'ar sun yarda da wani tsarin. Gyara na bakwai ga tsarin mulkin Amurka, na 1791, shi ya ba da wannan haƙƙi muddin abin da ake jayayya a kai ya haura dala 20. Har yau ba a taɓa wannan adadin ba.

Kowace ƙara ce ke samun juri?

A'a. Neman diyyar kuɗi na juri ne. In kuwa so kake kotu ta hana wani yin wani abu, wannan aikin alƙali ne shi kaɗai. Kotunan jihohi kuma kowace da nata ƙa'idojin.

Ta yaya ake nema?

A rubuce, kuma cikin lokaci. Doka ta 38 ta tsarin ƙararraki a kotunan tarayya ta ba ka kwana 14 bayan an miƙa takardar ƙarshe kan batun. Ka bari suka wuce, haƙƙin ya tafi, alƙali zai yanke. Shi ya sa lauyoyi ke rubuta buƙatar tun a shafin farko na takardar ƙara.

To me ya sa ba a cika ganin juri ba yanzu?

Nan abin yake damuna. Ƙararrakin tarayya da ke kaiwa gaban juri ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Wasu sasantawa ake yi, wannan ba laifi. Amma da yawa mutum ya sarayar da haƙƙinsa tun kafin rigima ta taso, ranar da ya buɗe asusun banki ko ya karɓi layin waya ko ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Can cikin ƙananan rubutu akwai sharaɗin cewa duk saɓani wani mai sasantawa mai zaman kansa da ake biya ne zai duba ya yanke hukunci, ba kotu ba. Dokar sasantawa ta 1925 ce ta ɗaure wa wannan gindi, Kotun Ƙoli kuma ta ƙara mata ƙarfi a shari'ar kamfanin AT&T a 2011. Wanda ke neman aiki ba ya da bakin cewa a goge sharaɗin.

Akwai inda haƙƙin ya ƙara ƙarfi?

Akwai. A Yunin 2024, a shari'ar wani mutum mai suna Jarkesy, Kotun Ƙoli ta ce hukumar kula da hannayen jari ba za ta ci wanda take zargi da zamba tara a gaban alƙalanta na cikin gida ba, dole ta kai shi kotu inda zai iya neman juri.