Dokar awo ta Amurka: ta zaɓi mita, amma ba ta tilasta wa kowa ba

Makaniki ya ɗauko sifana mai lamba 13, wato ta milimita 13, ya ɗora a kan noti. Ta zauna kamar an yi ta dominsa, yana murɗawa sai ta zame ta cinye kan notin. Notin na rabin inci ne, wato milimita 12.7, kuma wannan ɗan giɓin da ido ba ya gani ya isa ya ɓata aikin yini. Haka ma wanda aka turo wa takarda daga Amurka ya zo bugawa, sai firinta ta matse rubutun ko ta yanke gefe, domin takardarsu inci 8.5 ce a faɗi da inci 11 a tsawo, ta yawancin duniya kuwa A4 ce, milimita 210 da 297. Masu wannan ƙorafi sukan ce ai Amurka ce ta ƙi tsarin mita. In aka buɗe dokokinta, labarin ya sha bamban.

Kundin tsarin mulkin ƙasar ya bai wa majalisar dokokin tarayya ikon tsayar da ma'auni. A 1866 majalisar ta halatta tsarin mita, ta ce babu wata yarjejeniya ko kwangila da za a soke don kawai an rubuta ta da mita ko kilo. A 1875 Amurka na cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita a birnin Paris. A 1893 kuma ofishin awonta ya fara ayyana yadi da laba bisa mita da kilo. An kammala wannan aiki a 1959, lokacin da Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu suka daidaita a kan cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne, laba ɗaya kilo 0.45359237, inci ɗaya milimita 25.4 cif. Ke nan inci ba shi da wani tushe nasa na kansa a yau. Duk wanda ya auna katako da inci, da mita ya auna, sai dai ya bi ta doguwar hanya.

Dokar da ta fi shafar zancenmu ita ce Dokar Sauya Awo zuwa Tsarin Mita, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a watan Disamban 1975. Ta ce manufar ƙasa ce a tsara ƙarin amfani da tsarin mita, ta kuma kafa hukuma mai mutum 17 don wayar da kai da haɗa kan masana'antu. Sai dai ta ce sauyin na ganin dama ne. Ba ta sa ranar da za a gama ba, ba ta tanadi tara ga wanda ya ƙi ba, hukumar ma ba ta da ikon umartar kowa. A nan gizo ke saƙar. Awo abu ne na tarayya: mai ƙera noti ba zai sauya ba sai mai ƙera sifana ya sauya, shi kuma yana jiran mai saye, mai saye yana jiran abin da ya gani a kanti. In kowa na jiran ɗan'uwansa, babu mai motsawa. A 1982 gwamnatin Ronald Reagan ta janye wa hukumar kuɗi, ta mutu. Abin da ya rage na wancan yunƙuri har da babbar hanya mai lamba 19 a jihar Arizona, daga Tucson zuwa Nogales, inda allunan nisa ke ƙirga kilomita.

A 1988 majalisa ta yi wa dokar gyara. Ta ayyana tsarin mita a matsayin wanda aka fi so a cinikayya da kasuwancin Amurka, ta umarci hukumomin tarayya su koma kansa a sayayyarsu da tallafin da suke bayarwa kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 1992. Amma ta bar ƙofa: in sauyin ba zai yiwu a aikace ba, ko zai jawo babban cikas, ko zai sa kamfanonin Amurka su rasa kasuwa, hukuma na iya ci gaba da tsohon awo. Kamfanoni masu zaman kansu da jama'ar gari kuwa dokar ba ta taɓa su ba.

Akwai wata doka ta daban kan rubutun jikin kayan masarufi. Tun 1994 ana buƙatar kayan da ta shafa su nuna nauyi ko yawansu da tsari biyu, oza da giram, ko galan da lita. Sakamakon shi ne kamfanin da ya rubuta giram kaɗai ya saɓa wa wannan doka, alhali wata dokar ta ce giram ɗin ne aka fi so. Wannan karo da juna ya daɗe yana damuna, domin yana nuna majalisa ta san inda take son zuwa, ta kuma ɗaure ƙafar wanda ya riga ta tashi.

Tsofaffin sunayen ma ba su da tabbas. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya lita 4.546. A cikin Amurkar kanta an yi shekaru sama da 60 da ƙafa iri biyu, ta kowa da kowa da ta masu safiyo, bambancinsu kashi biyu cikin miliyan. A ɗaki ba komai ba ne, a taswirar jiha guda kuwa yana iya gusar da wuri da ƙafafu da dama. Sai a farkon 2023 aka yi ritaya da ta safiyon.

An fi ba da labarin kumbon da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta rasa a kusa da duniyar Mars a watan Satumban 1999, saboda manhajar kamfanin da ya ƙera shi na fitar da lissafin ƙarfin tunkuɗa da laba, manhajar NASA kuma na karanta shi a matsayin awon tsarin mita. Asara ce babba, amma ta ƙarfe ce da kuɗi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai tana faruwa ne a ɗakin jinya da kan teburin gida. Ana lissafa maganin yara ne bisa kowane kilo na nauyin jikinsu, iyaye a Amurka kuwa da laba suka san nauyin 'ya'yansu. Kilo ɗaya laba 2.2 ne. Yaro mai laba 22 kilo 10 ne, in aka shigar da 22 ɗin a gurbin kilo, zai sha fiye da ninki biyu na abin da ya kamata. Ga kuma cokali. A lissafin magani cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali 15, uwar da ta tashi cikin dare da yaro mai zazzaɓi tana iya rikita su, cokulan kicin kuma ba girmansu ɗaya ba. A ganina, ko da majalisa za ta bar mil a kan hanya da inci a hannun kafinta, nan ne wurin da ya kamata ta ce dole. Da dokar 1975 ta yi shiru, likitoci ne suka ɗauki nauyin. A 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a riƙa rubuta maganin ruwa da mililita kaɗai, a daina ambaton cokali, a kuma bai wa iyaye sirinjin baki mai zanen mililita.