SOS da Mayday: Kiran da Doka Ta Hana a Yi Wa Kunnen Uwar Shegu

Da yawa sun ɗauka SOS taƙaitawar wata jimlar Turanci ce mai roƙon a ceci rayuka. Daga baya aka laƙaba mata wannan fassara. Asalinta sauti ne na neman ɗauki a tsarin Morse, wato hanyar aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka: gajere uku, dogo uku, gajere uku, a buga su a jere ba numfasawa, yadda ko ma'aikacin rediyon da gyangyaɗi ya fara ɗauka zai gane ta. Jamus ce ta fara amfani da ita a 1905, taron ƙasashe kan rediyo da aka yi a Balin a 1906 ya amince, ta fara aiki tsakanin ƙasashe ranar 1 ga Yuli 1908. Kafin nan wata alamar neman ɗauki, CQD, ma'aikatan kamfanin rediyo na Marconi suke bugawa, kuma sabo ya hana su saki da wuri: daren da jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, duka biyun aka aika.

Da rediyon murya ya zo, sai aka nemi kalmar da baki zai furta. Frederick Mockford, jami'in rediyo a filin jirgin saman Croydon da ke Landan, inda jiragen Faris suka fi kai-komo, ya ari "m'aider" na Faransanci, wato a taimake ni, ya mai da shi Mayday. Taron Washinton na 1927 ya tabbatar da shi. Sau uku ake faɗinsa a jere, don kada a ɗauka labarinsa kawai ake yi.

Mayday na wanda halaka ta tunkaro ne nan take. Wanda injinsa ya mutu amma ba ran da ke cikin haɗari, "pan-pan" zai ce. Da zarar an ji Mayday a tashar rediyo ta 16, wadda jiragen ruwa ke saurare, kowa sai ya kama bakinsa ya bar wa mai neman ɗauki layi. Yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, ta 1974 kuwa ta ɗora wa kyaftin ɗin da ya ji, in yana da halin taimako, nauyin nufar wurin da gaggawa. In bai je ba, dole ya rubuta dalilinsa a kundin jirgi. A ganina nan ne ƙarfin abin yake.

Ko babu rediyo, dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun yarda da jar wutar da ake harbawa sama, da hayaƙi ruwan lemo, da mutum ya buɗe hannu biyu yana ɗagawa yana saukewa a hankali. Sun kuma haramta amfani da su sai a halin haɗari na gaske.

Tun 1 ga Fabrairu 1999 tsarin neman ɗauki a teku na GMDSS, mai aiki da tauraron ɗan adam, ya maye gurbin Morse a manyan jiragen ruwa.