Beyar mai cin gara: amsoshin tambayoyin da aka dame ni da su

Maimaita amsa ɗaya ya ishe ni, shi ya sa na tara amsoshin a nan, a kan beyar mai cin gara, wato dabbar dajin da ake kira sloth bear da Turanci. A karanta kafin a sake tambaya.

A ina yake rayuwa?

Indiya, Nepal da Siri Lanka. A Bangladesh ya ƙare. Babu shi a Afirka, don haka a daina ce min an gan shi a Yankari.

Yana cin mutum?

Ba ya ci. Abincinsa gara da tururuwa, sai 'ya'yan itatuwa da zuma. Yakan farke suri da dogayen faratansa, ya toshe hancinsa, ya hure ƙasar, sannan ya zuƙe garar ta giɓin da ke bakinsa, domin ba shi da haƙoran gaba biyu na sama. Ƙarar zuƙar har daga nesa ake jin ta cikin dare.

To me ya sa yake yi wa mutane kaca-kaca?

Tsoro ne. Ya daɗe yana zama daji ɗaya da damisar Indiya. Ba zai tsere mata da gudu ba, faratan tonon nan kuma ba sa ba shi saurin hawa bishiya. Dabarar da ta rage masa ita ce ya miƙe tsaye ya afka wa duk abin da ya ba shi mamaki. Ga shi ganinsa da jinsa ba su da ƙarfi, kansa kullum a ƙasa yana tono, sai an zo dab da shi yake farga. Wani bincike a jihar Madhya Pradesh ta Indiya ya ƙirga mutum 735 da ya far wa tsakanin 1989 da 1994, 48 suka rasu. Fuska da kai yake nufa.

Idan mutum ya yi kiciɓis da shi, me zai yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da tazara. In ka hango shi bai gan ka ba, ka ja da baya a hankali, ka bar masa hanya. Kada ka tsaya ɗaukar hoto, don Allah. In kuwa ya riga ya taso, gudu ba ya cika fisshe ka, domin ya fi ka sauri. Bishiya ma ba tabbas ba ce, yakan fizgo mutum kafin ya yi nisa.

Thomas Sharp da abokan aikinsa na ƙungiyar kare namun daji ta Wildlife SOS sun bi diddigin hare-hare a jihar Karnataka ta Indiya. Sun ga cewa cikin masu gudu da masu kokawa an samu waɗanda suka mutu, waɗanda suka kwanta kamar matattu kuwa sun tsira da rai, kodayake da munanan raunuka. Shi ya sa ake cewa ka kife rub da ciki, ka rufe ƙeya da hannuwa, ka ɓoye fuska har ya tafi. Amma fa kada a ɗauke ta laya. Macen beyar da ta goyo 'ya'yanta a baya ta fi kowa zafi, kuma in kuna da yawa, ihu tare da ɗaga sanduna na iya kore shi tun bai taɓa kowa ba.

Abin da ya fi duka shi ne kada a kai ga haka. Dubi lokacin da abin ke faruwa: a watan Maris da Afrilu furen wata bishiya da ake kira mahuwa ke zuba, mata su fita da asuba da kwanduna suna tsinta a duƙe, shi ma beyar furen yake so. Ko mutum ya zaga daji don biyan buƙata da duku-duku. A fita a ƙungiya, ana hira da ƙarfi, da tocila, a bari gari ya waye. Na san mai tsintar fure za ta ce in ta makara wasu sun kwashe. Gaskiyarta, shi ya sa wa'azi kaɗai ba ya magance matsalar.

Har yanzu ana sa su rawa a titi?

A Indiya an daina. 'Yan Kalandar, wata al'umma a can, sun gaji sana'ar, kamar masu wasa da kura a wajenmu: a huda hancin ɗan beyar da ƙarfe mai zafi a zura igiya. Dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta, amma sai a 2009 aka karɓi na ƙarshe, bayan an ceto sama da 600 an kuma sama wa masu su wata sana'a.

Ba gara a kashe su a huta ba?

Haba. Kiyasi ya nuna ba su kai 20,000 ba. Fasa duwatsu na cinye kogunan da suke kwana, suna faɗawa rijiyoyi marasa murfi, suna maƙalewa a tarkon waya da aka ɗana wa aladun daji. Gandun Daroji na jihar Karnataka da aka keɓe musu a 1994 ya taimaka, sai dai da yawansu a wajen gandu suke, gefen gonaki. A fara da rufe rijiyoyin.